Wa ya je ya ƙirga? Yadda ake gane shekarun gungun taurari da sinadaransu daga haske kawai

Ta yaya mutum zai zauna a doron ƙasa ya ce wani gungun taurari ya shekara biliyan 13, alhali bai je can ba, bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma babu wanda ya shaida ranar da suka fara haske? Wannan tambaya takan taso duk lokacin da labarin sararin samaniya ya shigo kafafen watsa labarai, ta kuma ƙara ƙarfi tun watan Yulin 2022 da na'urar hangen nesa ta James Webb ta fara aiko da hotuna. A 2023 wasu masana a Amurka suka sanar cewa gungun da ake kira M92 ya kai shekara biliyan 13.8. Wannan kuwa shi ne daidai adadin da ake ba sararin samaniya baki ɗayansa. Duk mai hankali zai tsaya ya ce, to ko dai lissafin taurarin ne ba daidai ba, ko kuwa na sararin ne ya rushe.

Tambayar tana kan hanya, kuma bai kamata a sallame ta da cewa "ai masana ne suka faɗa" ba. Gaskiyar magana, babu wanda ke karanta shekaru kai tsaye daga haske. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin hasken, da launinsa, da wasu siraran layuka da ke ɓoye a cikinsa. Shekarun kuwa sai an gwama waɗannan awo da lissafin yadda tauraro ke rayuwa kafin su fito. Shi ya sa kowane adadi yake zuwa da ƙari ko ragi. Na M92 shekara miliyan 750 ne, sama ko ƙasa, kuma wannan ɓangaren ne kanun labarai suka fi yar da shi a hanya.

A sani tun farko, wannan fanni ba shi da alaƙa da duba ko lissafin sa'a. Awo ne na haske da zafi da nauyi, irin wanda wani zai iya maimaitawa ya kama kuskuren wani.

Mene ne gungun taurari, me ya sa aka fi dogara da shi?

Ba a cika samun tauraro ya samu shi kaɗai ba. Wani ƙaton gajimare na iskar gas da ƙura ne ke tsukewa saboda nauyin kansa, ya tsattsage, kowane yanki ya zama tauraro. Idan waɗannan taurari suka ci gaba da riƙe juna da ƙarfin janyowa, sun zama gungu.

Wanda kowa ya sani a wurinmu shi ne Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. Ido yana ganin shida ko bakwai, amma taurarinta sun haura dubu. Irin wannan sakakken gungu ne: taurarinsa ba su da yawa sosai, riƙonsu bai da ƙarfi, yawanci sukan watse bayan 'yan shekaru miliyan ɗaruruwa. Akwai kuma dunƙulallen gungu, inda taurari dubu ɗaruruwa har zuwa miliyoyi suka cure wuri guda. Galaksinmu, wato babban tarin taurarin da Rana take ciki, yana da irin waɗannan kimanin 150. Mafi girmansu shi ne Omega Centauri, mai taurari kusan miliyan 10. Daga Kano ko Damagaram ana iya ganinsa da ido a ƙasa-ƙasa ta kudu, a dararen Afrilu da Mayu, in an fita daga hasken lantarki. Kamar wani dusasshen tauraro yake bayyana.

Darajar gungu a wurin masana abu uku ne da taurarinsa suka yi tarayya a kai: kusan lokaci ɗaya aka same su, daga gajimare ɗaya suka fito, kuma nisansu da mu kusan ɗaya ne. Abin da ya rage ya bambanta su shi ne nauyi. Tauraro guda kuwa yana da wuyar sha'ani, domin irin Rana kan yi shekara biliyoyi kamanninta ba su sauya sosai ba. Ko shekara biliyan 4.6 da ake ba Rana, ba daga haskenta aka fara samo shi ba. Daga duwatsun da ke faɗowa daga sama aka auno shi a ɗakin gwaji.

Nisa daban, shekaru daban

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Shekarar haske ma'aunin nisa ce: tafiyar da haske ke yi cikin shekara guda, kimanin kilomita tiriliyan 9.5. Kaza tana nisan shekarar haske kusan 440, amma ta haura shekara miliyan 100 da samuwa. Omega Centauri yana nisan kusan 17,000, shekarunsa kuwa biliyoyi ne. Nisa yana gaya maka tsufan hoton da kake kallo ne kawai. Tsufan abin da ke cikin hoton wani lissafi ne na daban.

Agogon da ke cikin nauyin tauraro

Tauraro yana haske ne saboda a can tsakiyarsa, inda zafi ya kai digiri miliyoyi, ƙwayoyin haidurojin suna haɗewa suna zama hiliyam, wannan haɗewar kuma tana sakin makamashi. Hankali zai ba mutum cewa tauraron da ya fi nauyi, tunda ya fi tanadi, shi zai fi daɗewa. Akasin haka ne. Nauyi yana matse cikin tauraro, matsi yana ƙara zafi, zafi kuma yana hanzarta cin haidurojin. Babban tauraro wutar kara ce, ta tashi sama ta haska ko'ina, kafin ka ankara ta zama toka. Ƙaramin kuwa gungumen kirya ne, yana ci a hankali har gari ya waye.

Rana za ta yi kimanin shekara biliyan 10 tana cin haidurojin ɗin tsakiyarta. Tauraron da ya ninka ta sau 2 a nauyi, wajen biliyan 1 zai yi. Wanda ya ninka ta sau 10 ya fi ta haske sau dubbai, amma shekara miliyan 20 zuwa 30 kacal zai yi. Launi kuma yana bin zafi. Manyan nan shuɗaye ne, zafin fuskarsu ya haura digiri 10,000, wasu ma har 30,000. Rana tana wajen 5,500. Ƙananan kuwa jajaye ne, wajen 3,000.

A 1911 Ejnar Hertzsprung, ɗan ƙasar Denmak, ya zana wani jadawali: launin taurari a gefe guda, ƙarfin haskensu a ɗaya gefen. Taurarin Kaza suna cikin waɗanda ya fara gwadawa da su. Henry Norris Russell na Amurka ya yi makamancin haka a 1913. Abin da ya fito shi ne taurari ba a warwatse suke a jadawalin ba. Mafi yawansu sun jeru a kan wani babban layi, daga shuɗaye masu tsananin haske a sama zuwa jajaye dusassu a ƙasa. Duk tauraron da ke cin haidurojin a tsakiyarsa yana kan wannan layi. Ranar da ya ƙare masa, sai ya kumbura, fuskarsa ta huce, ya bar layin ya zama jan ƙato.

To ga agogon. A sabon gungu layin cikakke ne daga sama har ƙasa. Da tafiya ta yi tafiya, manyan na sama su fara ficewa, sai na bayansu, sai na bayan waɗannan. Layin yana cinyewa daga sama ke nan, kuma inda ya yi kwana zuwa wajen jajayen ƙatti, nan ne taurarin da haidurojinsu ke ƙarewa a yanzu. In ka san nauyinsu, ka san tsawon ransu, ka kuwa san shekarun gungun duka. A Kaza har yanzu shuɗaye ne ke kan gaba, shi ya sa ake ba ta shekara miliyan 100 zuwa 125. Gungun Hyades da ke kusa da ita a sama ya rasa shuɗayensa, ana ba shi miliyan 600 zuwa 700. A M67 kwanar ta sauko kusa da nauyin Rana: kimanin biliyan 4. A dunƙulallun gungu kuwa ta sauko ƙasa da Rana, zuwa taurari masu kashi 80 cikin 100 na nauyinta, abin da ke nufin shekara biliyan 12 zuwa 13. Allan Sandage ne ya fito da wannan kwana a fili a gungun M3 a 1953.

Sai dai kafin ka san ainihin hasken tauraron da ke kan kwanar, dole ka san nisansa. Kuskuren kashi 10 cikin 100 a nisa yakan jawo kuskuren kusan kashi 20 a shekaru. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda haske ke tona abin da ke cikin tauraro

A 1835 masanin falsafa Auguste Comte na Faransa ya kawo misalin abin da ɗan Adam ba zai taɓa sani ba: sinadaran da aka yi taurari da su. Ashe mabuɗin ya riga ya samu. Tun 1814 Joseph von Fraunhofer, mai sana'ar gilashi a Jamus, ya ratsa hasken Rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya baje launi-launi irin na bakan gizo, ya kuma ga baƙaƙen layuka sirara sun yanka shi. Ya lissafa fiye da 500. A 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano ma'anarsu a Heidelberg: kowane sinadari yana da nasa launukan da yake fitarwa in an ƙona shi, kuma waɗannan launuka dai yake shanyewa in haske ya ratsa tururinsa. Barbaɗa gishiri a harshen wuta ka ga ya yi rawaya, sodiyam ne ke nuna kansa. Layukan sodiyam ɗin nan suna nan a bakan hasken Rana, a daidai gurbinsu. Ta wannan hanya aka ga hiliyam a Rana a 1868, ba a same shi a ƙasa ba sai 1895.

Karanta layukan ba sauƙi gare shi ba, domin kaurin layi bai dogara da yawan sinadari kaɗai ba, har da zafin tauraron. Cecilia Payne ce ta warware wannan a 1925 a Harvard, ta nuna cewa taurari kusan duk haidurojin ne da hiliyam. Manyan fannin sun ƙi yarda da farko, sai 1929 Russell da kansa ya tabbatar da maganarta. A Rana, in aka bi ta nauyi, kusan kashi uku cikin huɗu haidurojin ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu hiliyam, duk sauran sinadarai ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Masana taurari suna kiran wannan ragowar duka "ƙarafa", har da oksijin da kabon.

Wannan ɗan ragowar ne ke ɗauke da tarihi. Sararin samaniya ya fara ne da haidurojin da hiliyam da ɗan litiyam kaɗan. Sauran duk a cikin taurari aka dafa su, suka watsu lokacin da taurarin suka mutu, suka shiga gajimaren da ya haifi na baya. Baƙin ƙarfen da ke cikin taurarin M92 kusan kashi 1 ne cikin 200 na abin da ke cikin Rana. Na gungun 47 Tucanae kusan kashi 1 cikin 5. Hyades ta ɗan fi Rana.

Akwai ma wani agogo na biyu a nan. Manyan taurari suna fashewa cikin 'yan shekaru miliyan, su zubar da oksijin da magnisiyam da kalsiyam masu yawa. Mafi yawan baƙin ƙarfe kuwa daga wata irin fashewa yake zuwa, ta gawar ƙaramin tauraro, wadda kan ɗauki miliyan ɗaruruwa har biliyoyin shekaru kafin ta auku. Tsofaffin dunƙulallun gungu suna da magnisiyam da kalsiyam kusan ninki 2 in an gwada da baƙin ƙarfensu, fiye da yadda abin yake a Rana. Alama ce cewa sun samu da wuri, kafin fashewa ta biyun ta kankama.

Idan gungu ya yi nisa har taurarinsa suka zama ɗigo ɗaya

Duk abin da aka faɗa a sama yana buƙatar a ga taurari ɗaya bayan ɗaya. Wannan yana yiwuwa a galaksinmu da maƙwabtansa na kusa. Amma gungun da ake son sani sun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Galaksin Andromeda, mai nisan shekarar haske miliyan 2.5, tana da dunƙulallun gungu ɗaruruwa. Galaksin M87 kuwa tana da fiye da 10,000. A irin wannan nisa, hasken taurari dubu ɗari yakan haɗu ya zama ɗigo guda. Babu jadawali, babu kwana.

Dabarar ita ce a gina gungu a kwamfuta. A ɗauki lissafin yawan manyan taurari da ƙanana da gajimare kan haifa, a ba su shekaru da adadin ƙarafa, a bar kowanne ya tsufa bisa ƙa'ida, sannan a tara haskensu wuri guda. A maimaita da shekaru daban-daban da ƙarafa daban-daban, a ga wanne ya fi kama da ɗigon da na'ura ta gani. Beatrice Tinsley, wadda ta tashi a Niyu Zilan, ita ce ta aza harsashin wannan aiki daga 1968 zuwa shekarun 1970.

A nan gizo ke saƙar. Tsufa yana sa gungu ya yi ja, tunda shuɗayensa sun mutu. Yawan ƙarafa shi ma yana sa shi ja, domin ƙarafa suna shanye shuɗin haske, suna kuma sa fuskar tauraro ta huce. Abu biyu, alama ɗaya. Guy Worthey ya auna girman matsalar a 1994: in ka ninka shekarun gungu sau 3, ko ka bar shekarun ka ninka ƙarafansa sau 2, launin da za ka samu kusan ɗaya ne. Gungu mai shekara biliyan 4 da ƙarafa masu yawa zai iya yin shigar gungu mai biliyan 12 da rabin ƙarafan. Ƙurar da ke kan hanya ita ma tana tare shuɗi fiye da ja, ta ƙara dagula lissafin. Wannan ne dalilin da ya sa ba a iya neman shekaru a bar sinadarai, ko a nemi sinadarai a bar shekaru. Tare ake warware su, ko a rasa duka.

Mafita ita ce a bar launi zalla a koma ga layuka. Masana a cibiyar Lick da ke Kalifoniya sun daɗe suna tace waɗanda suka fi amfani. Wani layin haidurojin da ke tsakanin shuɗi da kore ya fi ƙarfi a taurari masu zafin kusan digiri 10,000, saboda haka yana raunana yayin da gungu ke tsufa, kuma ƙarafa ba su cika damunsa ba. Layukan magnisiyam da baƙin ƙarfe da ke cikin kore sun fi bin yawan ƙarafa. Wasu layuka uku na kalsiyam da ke gaba da ja, inda ido ba ya gani, su ma ma'aunin ƙarafa ne mai kyau. In aka haɗa su, ƙullin yakan sassauta.

Ya sassauta dai, bai kwance gaba ɗaya ba. A tsofaffin gungu masu ƙarancin ƙarafa akwai taurarin da suka gama zama jajayen ƙatti suka koma cin hiliyam, suka yi zafi suka yi shuɗi. Waɗannan suna ƙarfafa layin haidurojin, su sa tsoho ya yi kama da matashi. Akwai kuma taurarin da suka tsotsi iskar abokan zamansu ko suka haɗe biyu, suka zauna a saman kwanar kamar ba su tsufa ba. A ƙaramin gungu kuwa, tauraro guda mai tsananin haske zai iya rinjayar launin gungun duka, kuma samuwarsa ko rashinsa dace ne kawai. Bayan shekara biliyan 10 ma hasken yana sauyawa ne a hankali ƙwarai, har raba biliyan 10 da 13 ya zama aiki.

Abin da ya sa na yarda da hanyar duk da haka shi ne ana jarraba ta a inda aka riga aka san amsa. Ana ɗaukar gungun galaksinmu, a tara haskensa kamar yana nesa, a ga ko sakamakon zai dace da na ƙirgar tauraro ɗai-ɗai. A 1999 an yi wa 47 Tucanae haka, lissafin ya ba da fiye da shekara biliyan 20, abin da ba zai yiwu ba. Ba a ɓoye ba, an buga shi, aka koma aka gano gyare-gyaren da lissafin kwamfutar ke buƙata.

Wajen sinadarai, hasken da ya cure a ɗigo guda ya fi ba da amsa mai kaifi. Taurarin dunƙulallen gungu suna yawo a hankali, 'yan kilomita zuwa gomiya a daƙiƙa, saboda haka layukansu ba sa dusashewa kamar na galaksi. Da wannan Søren Larsen da abokan aikinsa suka auna wani gungu na Andromeda mai suna EXT8 da na'urar Keck da ke Hawai, suka sanar a 2020 cewa baƙin ƙarfensa kusan kashi 1 ne cikin 800 na Rana. Kafin nan ana ganin babban gungu ba zai iya samuwa da ƙasa da kusan kashi 1 cikin 300 ba. Ɗigo guda na haske ya karya wannan zato.

Lokacin da taurari suka "girmi" sararin samaniya

Ruɗanin M92 ba sabo ba ne. A farkon shekarun 1990 ana ba tsofaffin gungu shekara biliyan 15 ko fiye, alhali awon saurin faɗaɗar sararin samaniya yana nuna biliyan 8 zuwa 12. Rikici ne na gaske, kuma an warware shi ta ɓangarori biyu. A 1997 bayanan tauraron ɗan Adam na Turai mai suna Hipparcos suka nuna gungun sun fi nisa fiye da yadda aka ɗauka. In sun fi nisa, taurarin kwanar sun fi haske ke nan, sun fi nauyi, shekarunsu sun ragu. A 1998 kuma aka gano faɗaɗar sararin ƙara sauri take yi, abin da ya ɗaga shekarunsa. Daga baya na'urorin WMAP da Planck suka auno biliyan 13.8 daga tsohon hasken da ya cika sarari, ba tare da sun taɓa lissafin taurari ba.

Akwai shaida ta uku. Gawar tauraro irin Rana, wadda ake kira farin wada, ba ta cin komai, hucewa kawai take yi a hankali. A 2002 na'urar Hubble ta hango mafi dusashewarsu a gungun M4, lissafin hucewarsu ya ba da shekara biliyan 12 zuwa 13. Hanyoyi uku da ba su jingina da juna ba suka sauka kusa da juna, kuma a ganina wannan ya fi kowane adadi guda nauyi.

To M92 fa? Biliyan 13.8 da ƙari ko ragin miliyan 750 yana nufin wani wuri tsakanin kusan 13 da 14.5. Ƙasan wannan rata ya shiga cikin shekarun sararin samaniya lafiya lau. Masu binciken da kansu sun ce nisa ne babban tushen kuskurensu.

Inda masana suka rabu

Zaton cewa taurarin gungu duk iri ɗaya ne ya samu tsaga. A kusan kowane tsohon dunƙulallen gungu da aka bincika da kyau, an tarar wasu taurarin suna da sodiyam da yawa da oksijin kaɗan, wasu kuma akasin haka. A 2007 Hubble ta nuna babban layin gungun NGC 2808 ya rabu uku. Wasu masana suna ganin zuriya ta biyu ce ta samu daga iskar da ta farko ta zubar. Wasu suna cewa lissafin bai fita, domin taurarin da ake kira na biyun sun yi yawa fiye da abin da ta farkon za ta iya ciyarwa, suna karkata ga wasu manyan taurari na musamman da suka gurɓata gajimaren tun gungun yana haɗuwa. Har yanzu ba a tsaya kan magana ɗaya ba. Omega Centauri ma ya wuce nan, har baƙin ƙarfen taurarinsa ya bambanta, shi ya sa da yawa ke ganin cibiyar wani ƙaramin galaksi ce da namu ya haɗiye.

Hotunan Webb sun buɗe wani fagen. A hotonta na farko, Lamiya Mowla da Kartheik Iyer na Jami'ar Toronto a Kanada da abokan aikinsu suka ga wani galaksi da aka yi wa laƙabi da Sparkler, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara biliyan 9, da ɗige-ɗige kewaye da shi. Suka ce 5 daga ciki dunƙulallun gungu ne da suka riga suka kai kusan shekara biliyan 4 a wancan lokaci. Wasu suka sake auna hoton, suka samu adadin ƙarafa da ya sha bamban sosai. Ba abin mamaki ba ne, tunda launuka aka dogara da su, ƙullin nan na shekaru da ƙarafa da ƙura kuma yana nan. A 2024 Angela Adamo ta Jami'ar Stockholm da tawagarta suka ba da rahoton gungu 5 a wani galaksi da ake gani yadda yake shekara miliyan 460 bayan mafarin sarari, kowanne nauyinsa kusan Rana miliyan 1, shekarunsu ba su kai miliyan 50 ba. Adadin matasa irin waɗannan ya fi na tsofaffi sauƙin yarda, domin hasken sabon gungu yana sauyawa da sauri.

Me ya shafi wanda ba masani ba?

Da farko, ya san yadda zai karanta labari. Adadin da ya fito daga ƙirgar taurari ɗai-ɗai ya fi wanda ya fito daga ɗigo guda ƙarfi, wanda aka samo daga layuka kuma ya fi na launi zalla. Cewa wannan gungu ya girmi wancan ya fi tabbas fiye da cewa shekarunsa kaza ne daidai. Labarin da ya kawo adadi babu ƙari ko ragi, an yanke masa rabi.

Da waɗannan awo aka gano galaksinmu ba a dunƙule ya tashi ba. In aka jera gungunsa bisa shekaru da ƙarafa, sukan rabu gida biyu: 'yan gida, da baƙin da suka shigo tare da ƙananan galaksin da aka haɗiye. A 2018 bayanan na'urar Gaia suka bayyana wata babbar haɗiya da ta auku kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce.

Ƙa'idar da ake auna ƙarafan EXT8 da ita kuma tana aiki a nan ƙasa. Lokacin da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, na'urorin hannu da aka riƙa auna ƙasar gidaje da su suna harba wani irin haske ne, su karanta wanda kowane sinadari ya mayar, su gane dalma da yawanta.

Sannan bayanan Gaia da na Hubble a buɗe suke a intanet, kyauta. Ɗalibin kimiyya a Zariya ko Yamai mai kwamfuta zai iya sauke awon taurarin M67, ya zana launi a gefe guda, haske a ɗaya gefen, ya ga kwanar da idonsa. Inda zai sha aiki shi ne tace taurarin da ba na gungun ba, waɗanda suka faɗo cikin hoton daga gaba ko baya. Gaia ta auna nisa da tafiyar kowanne, saboda haka sai ya riƙe waɗanda nisansu ya zo ɗaya kuma suke tafiya tare, ya zubar da sauran.